Ranar da Na Fito a Talabijin a Kwance

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar ta ƙarshen shekarar 1998 ba, bayan la'asar, a falonmu da ke Sintali. Mu biyar ne: ni, da matata Hajara, da Kawunta da ya riƙe ta tun tana ƙarama, da abokansa biyu daga Nukkai.

Lokacin ina karanta labaran Hausa a rediyo, kuma a ranar za a nuna shirina na farko a talabijin, wanda aka riga aka naɗa. Amma duk makon hankalina ba ya kan shirin. Wani abokin aiki ya dawo daga Legas da faifai mai manhajar da ke sa kwamfuta ta kwaikwayi injinan wasan nan da ake jefa wa kwabo. Na sa kafinta a bayan kasuwa ya haɗa mini akwati mai tsayin mutum, na cusa tsohuwar kwamfuta a ƙasansa. Saura allo. Sai idona ya faɗa kan talabijin ɗin Hajara, wanda Kawu ya saka mata cikin kayan ɗaki.

"Aro ne," na ce mata.

"Sai da Kawu ya sayar da sansa kafin ya saye shi," ta ce.

Da farko hoton ya riƙa gudu sama, na murɗa maɓallin baya har ya tsaya. Sai ya fito baƙi da fari. Na gano ƙaramar na'urar da ke haɗa kwamfutar da talabijin tana kan tsarin Amurka, na canja. Matsala ta uku ce ta kashe ni. Wasan da na fi so, na jirgi mai harbi, an yi shi ne don allo mai tsayi, ba mai faɗi ba. Maimakon in nemi inda ake juya hoto a manhajar (yana nan, ban duba ba ne kawai), sai na kwantar da talabijin ɗin a gefensa cikin akwatin, na tokare shi da katako, na bi da ƙusoshi. Na ɗaura lasifikan mota biyu a jikinsa. Maganaɗisunsu ya ɓata launi, gefe kore, gefe shuni. Ban damu ba, tunda duk abin da ke cikin wasan dodo ne.

Kawu bai taɓa taka gidana ba sai ranar. Babu wuta a Nukkai, shi kuma ya gama shaida wa unguwa cewa surukinsa zai fito. Na durƙusa na gaishe su. Ya dubi teburin da babu komai a kai.

"Ina talabijin na yarinya?"

Na nuna akwatin.

"Wannan ai makara ce," in ji ɗaya daga cikin abokansa.

Lokaci ya yi, babu damar zare ƙusa. Na jona eriya. Sai ga ni a kwance, fuskata koriya, babbar rigata shuni, ina yi wa jama'ar Taraba sallama da cikakkiyar Hausar da nake taƙama da ita. Dattawa uku suka karkatar da wuya gefe guda. Hular Kawu ta faɗi.

"Alhaji, surukinka ba shi da lafiya ne? Ya kwanta yana magana," ɗaya abokin ya ce wa Kawu.

A nan ya kamata in yi shiru. Sai na ce a kwantar da akwatin gaba ɗaya, hoton zai miƙe. Abokan suka kama, muka kwantar. Ta gefen da bai dace ba muka kwantar. Yanzu kaina na ƙasa, ina bayani a kan takin zamani.

Babu wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Kawu ya ɗauki hularsa ya kaɗe, bai dube ni ba. Sai ya dubi Hajara.

"'Yata, kina dai samun abinci a gidan nan ko?"

"Ina samu, Kawu," ta ce, idonta a ƙasa.

Abin da na koya bai taka kara ya karya ba: kafin ka buga ƙusa a kayan matarka, ka gama karanta abin da ke kan allo.

Washegari Kawu ya aiko da a-kori-kura aka kwashe talabijin ɗin zuwa Nukkai. Bai sake shiga gidana ba har ya rasu.