Taku Uku na Gonar Ɗan'azumi

Akwai abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko da mutanen ƙauyenmu za su bar ni in manta. Na ci gonar maƙwabcina taku uku, na rubuta a littafi, sannan na miƙe a gaban jama'a na tabbatar musu haka aka yi. Babu wanda ya tambaye ni. Babu wanda ya matsa mini. Ni da bakina.

Ni ba mai yawan magana ba ne, kuma ban yi boko ina yaro ba. Na yi dako a kasuwar Dawanau har bayana ya ƙi. Na yi haƙar rijiya har ƙasa ta rufta mini, aka jawo ni da igiya. Duk wannan bai sa na sunkuyar da kai a gaban kowa ba. Sai da na haura hamsin na shiga ajin yaƙi da jahilci a firamaren ƙauyenmu, nan gefen Minjibir, don na gaji da miƙa wa mutane wayata su karanta mini saƙo.

Malaminmu, Malam Nafi'u, daga birni yake zuwa a kan babur. Yana cikin wata ƙungiyar marubuta. Wata rana ya shigo aji da takarda, ya ce ƙungiyarsu za ta haɗa littafin gajerun labarai, duk a kan abu ɗaya: gona. Kowa na iya aikawa. Sharaɗin dai labarin ya zama naka na kanka, ba tatsuniya ba, ba wanda ka ji a rediyo ba.

Na ce a raina, in dai gona ce, 'yan birni su matsa gefe.

Mako biyu ina fama da biro. Na kai masa shafi huɗu: yadda ake kai taki a jaki, yadda ake binnen gero kafin ruwa, yadda ake noman firi da maimai. Ya karanta, ya sosa ƙeya.

"Baba, wannan ba labari ba ne. Wannan malamin gona ne yake bayani."

"Ƙarya na faɗa?"

"Ba ƙarya ba ce. Amma ina mutane? Ina rikici? Ka rubuta abin da ka sani wanda ba kowa ya sani ba. Sai dai ka canza sunaye."

Abin da na sani wanda ba kowa ya sani ba guda ɗaya ne tak.

A wajenmu babu daji. Gona na jikin gona, daga nan har inda ido ya tsaya. Tamu ta gado mu shida muka raba, abin da ya faɗo mini kuwa kana tsaye a wannan gefe za ka iya jefa wa na wancan gefen goro ya cafe. Abin da ya raba ni da maƙwabcina Ɗan'azumi layin gamba ne, ciyawar nan da muke dasawa a kan iyaka, mu yanka da kaka mu yi zana. Ɗan'azumi dillalin awaki ne. Tare muka taso, tare aka yi mana kaciya. Duk ranar kasuwar Gezawa yana can tun hantsi.

To, shekara tara, duk damina, na kan jira ranar da aka kwana ana ruwa kuma ta dace da kasuwar Gezawa. In haƙo gambar da ƙasarta, in matsar da ita tsawon ƙafa ɗaya cikin gonarsa, in danne da dunduniya, in shuka yakuwa a tsohon ramin. Gamba ba ta ko yin yaushi. Shekara tara, taku uku manya. (Daina yi da na yi ba tuba ba ce. Gwiwa ce ta fara ciwo.)

Shi na rubuta. Na sa wa kaina Tanko, na sa wa Ɗan'azumi Audu. Na mayar da shi dillalin tumaki. A ganina wannan ɓoyewar ko alƙali ba zai gane ta ba. Malam Nafi'u ya karanta yana dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baba, ina ka samo wannan dabarar?" Na ce, "Tunani." Ya buga a wayarsa ya aika.

Bayan wata uku ya zo ya ce an ɗauka. Ba ɗauka kaɗai ba, an ce nawa na cikin waɗanda suka fi kyau. Kuma tunda littafin a kan gona yake, ƙungiyar ta yanke shawarar ba za a ƙaddamar da shi a birni ba, a firamarenmu za a yi, a gaban manoma.

Mai hankali a nan zai kwanta ciwo. Ni kuwa sai na kai rigata guga.

Lissafina shi ne, Ɗan'azumi ko sunansa ba ya iya karantawa a boko. Ƙaddamarwa kuma a tunanina ɗaukar hoto ce da shan lemo. Don haka ni na je har ƙofar gidansa na gayyace shi. Na ce, "Ka zo ka ga yadda ake karrama mutane." Ya ce, "Kai ɗin? Kai da ko a wajen ɗaurin aure sai an roƙe ka ka ce amin?" Amma ya zo. Ya zo da surukansa biyu da suka kawo masa ziyara.

Ranar Asabar ce, bayan girbi. An kafa rumfa, an jera bencina, an ɗaura lasifika a jikin darbejiya. Dagaci na kan kujera a gaba. Ni da Ɗan'azumi muna benci ɗaya a gefe, bayanmu bangon aji. Aka yi addu'a, aka yi jawabai. Aka ba ni littafin, na ga sunana a ciki, na shafa shi da yatsa. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi.

Sai mai gabatarwa ya ce, "Yanzu za a karanta mana labari ɗaya daga ciki, na ɗan garin nan."

Na ajiye lemon da ke hannuna.

Wata malama ce ta karanta, mai murya kamar ta masu labarai a rediyo. Tun daga layin farko na san na shiga uku. Na zuba wa takalmana ido ina jiran wani ya juyo ya dube ni. Babu wanda ya juyo. Dariya suke yi. Da ta zo wajen da Tanko yake danne gamba da dunduniya yana yi wa Audu addu'ar Allah ya ba da kasuwa, har dagaci sai da ya rufe baki da hannun riga.

Wanda ya fi kowa dariya Ɗan'azumi ne. Yana dukan cinyata yana hawaye.

"Kai, maƙwabci! Wannan Audun naka ai jaki ne! Jaki mai kunnuwa! Ni ko kara ɗaya aka taɓa mini a iyaka sai na gane."

Na ce, "Haka ne."

Aka gama, aka tafa. Na sauke ajiyar zuciya. Na tsira. Da taron ya tashi a nan, da yau ina nan da mutuncina da gonata.

Amma ashe a wajen marubuta akwai wani abu wai shi sharhi. Aka kira wani saurayi daga birni, mai tabarau da fararen takalma, wanda da gani bai taɓa riƙe fartanya ba. Ya karɓi abin magana ya yabi labarin. Ya ce harshen mai daɗi ne, babu kwana-kwana. Ina gyaɗa kai. Sai ya ce:

"Amma akwai rauni babba. Hankali ba zai ɗauka ba. A ce shekara tara ana matsar wa manomi iyaka bai lura ba? Kuma a ce an cire gamba an sake dasawa ba ta nuna alama ba? Ko ba haka ba, manoma?"

Ɗan'azumi ne ya fi kowa ɗaga murya. "Ƙwarai kuwa! Ba zai yiwu ba!"

Yaron ya ji an goya masa baya, ya gyara tabarau. "To kun ji. Ina ba marubucin shawara, nan gaba in zai yi rubutu a kan gona, ya riƙa tambayar waɗanda suka san gona."

Ban san lokacin da na miƙe ba. An zage ni a Dawanau ban tanka ba. An taɓa hana ni ladan rijiya ban tanka ba. Amma a ce ni zan tambayi waɗanda suka san gona? A kan aikin da na yi shekara tara ina yi ba tare da kuskure ko ɗaya ba?

Na ce, "Yaro, ka taɓa dasa gamba?"

Ya ce, "A'a, Baba, amma a ƙa'idar labari..."

"To ya yiwu. In ka cire ta da ƙasarta bayan an kwana ana ruwa, ba ta yaushi. Shekara tara aka yi. Ga shi nan zaune, har yau bai gane ba."

Na nuna da hannu.

Ɗan'azumi ya waiwaya baya don ya ga wanda nake nunawa. Babu kowa a bayansa sai bango. Ya juyo. Ya dubi yatsana. Ya sake duban bangon, ko Allah zai sa wani ya fito daga ciki.

Wajen ya yi tsit. Lasifikar ce kawai take ƙara. A nan ne hankalina ya dawo, ya tarar da ni a tsaye, hannu a miƙe.

Ɗan'azumi ya ce a hankali, "Tumaki... ko awaki?"

Na sauke hannuna.

Dagaci ya miƙa hannu aka ba shi littafi. Ya ce, "Malam Nafi'u, shafi na nawa ne?" Malam Nafi'u ya faɗa. Dagaci ya ce, "Malama, a sake karanta mana wajen da aka faɗi ko taku nawa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, labari ne. An canza sunaye."

Ya ce, "Mun ji. Kai ma yanzu ka mayar da su da kanka."

Mai tabarau kuwa ya matso da abin magana bakinsa ya ce, "To, na janye maganata. Labarin hankali zai ɗauka." Mutane suka kwashe da dariyar da har yanzu in na rufe ido ina jin ta.

Washegari da hantsi aka je gona da igiyar awo, da dattawa biyu da suka san rabon gadon. Littafin na hannun dagaci kamar takardar kotu. Aka tono, aka tarar da tsofaffin saiwoyin gamba daidai inda na rubuta. Taku uku cif. (Ko a wannan ban yi ƙarya ba.) Aka kafa turaku. Hukuncin shi ne in mayar da gambar da hannuna in ruwa ya sauka, in kuma nome masa wannan yankin damina biyu, shi ya girbe.

Da aka watse, Ɗan'azumi ya tsaya. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Ba gonar ce ta fi ci mini rai ba," in ji shi. "Da ka ce mini abincinka ba ya kai ka, da na ba ka aron gona. Amma ka zauna kusa da ni, ka bar ni na kira kaina jaki a gaban surukaina. Har ka ce haka ne."

Wannan ta fi igiyar dagaci zafi. Na ce masa ya yafe mini. Ya juya ya tafi, kuma har ruwa ya sauka ko sallamata a taƙaice yake amsawa.

A gida, matata Talatu ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina. "Malam, shekara talatin ina roƙonka ka riƙa magana. Ranar da ka buɗe baki, sai da ka rage mana gona. Don Allah ka koma yadda kake."

Ranar da na mayar da gambar, da rana tsaka na yi, rabin ƙauye na kallo. Har da masu zuwa koyon yadda ake yi. Ɗan'azumi na zaune a inuwa yana ba da umarni: "Danne da dunduniya, Tanko. Yadda ka saba." A nan na gane ya fara hucewa.

Darasin da na koya bai da tsawo. In mai tabarau ya ce labarinka ƙarya ne, ka yi masa godiya ka zauna.

Yanzu ina nan ƙauye ina noman abin da ya rage mini. Na gama damina biyun. Ƙungiyar ta aiko cewa littafi na gaba a kan zaman aure ne, kuma suna son nawa. Talatu ta ɓoye biron. Ni da Ɗan'azumi mun koma cin goro tare, sai dai ya ce shi da gamba har abada. Dutse ya sa muka ɗauko a amalanke, mu huɗu, muka kafa a kan iyaka. Mutum ɗaya ba ya iya motsa shi. (Kada a tambaye ni yadda na sani.)