Ranar da Na Yanka Littafin Duniya

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na fara shiga ɗakin karatun da aka gina a Sakkwato, lokacin babban yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama. Ni mahauci ne daga Ƙofar Marke, fawa na gada. Kawuna Malam Bube, yayan mahaifiyata, shi aka ba kula da ɗakin. Da farko akawuna da malaman boko kaɗai ke shiga. Kawu ya yi ta roƙon manyansa a buɗe wa mutanen gari, suna cewa za a ɓata kaya, har ya ce in aka ɓata ko shafi ɗaya a kore shi. Suka ce sun ji.

Na yi wanka na sa rigar Juma'a, don kada a ji ƙarnin nama. Ina shiga na tsaya cak. Kai jama'a! Rufin bakan gizo ne mai tsawo, ciki sanyi kamar gindin randa. Tagogi manya ta gabas da yamma, iska na shiga tana fita, haske ko'ina. Littattafai a tsaitsaye kan kanta, ga bencina a jere. A baranda wani na karanta wa dukawa da masu jakai labarin yaƙi da ƙarfi, suna ta salati. Wallahi wurin ya burge ni, har na fara tafiyar malamai (ni da ban wuce haɗa baƙin boko da ƙyar ba).

Can Kawu ya ce ana kiransa ofis. "Ka zamna nan ka duba mini ɗaki. Yanzu nika dawowa."

Ni fa! Nan take kaina ya kumbura.

To akwai wani ƙaton littafi guda, na taswirar ƙasashen duniya, shi kowa ke so. Mutane sun yi masa rumfa, wannan ya ja nan wancan ya ja can. Wani mai niyyar Hajji na neman hanyar Makka. Wani dattijo, Baba Ɗan'ige, ya tsugunna a gefe tun hantsi, ɗansa na soja, so yake kawai ya ga inda Bama take. In ya miƙa hannu sai a ture shi. Abin ya taɓa mini zuciya.

A nan ne fa basirar tawa ta motsa. A zauren malaminmu inda na yi karatu, littafi ba a ɗinke yake ba. Takardu ne warwatse cikin gafaka, malam ya zaro ya ba kowa warƙa ɗaya, in an gama a mayar. Duk littafin da na taɓa riƙewa haka yake. Sai na ce a raina, Allah sarki Bature, duk wayonsa ya ɗinke littafi wuri ɗaya, mutum guda na karatu saura na kallon ƙeyarsa.

Na ce, "Ku ba ni wuri, yanzu kowa zai samu."

Na zaro 'yar wuƙata (mahauci ba ya fita ba ita, ko gaisuwar surukai zai je). Na kwantar da littafin na bi bayansa a hankali kamar ina fiɗar rago, zaren na tsinkewa ɗaya bayan ɗaya. Aiki ya yi kyau, ban huda ko'ina ba. Na shiga rabo: mai Makka ga Makkarka, wani ya karɓi Masar, wani ya ce shi teku yake so. Na nemo Bama da taimakon wani ɗan boko da ya saki baki yana kallona, ni kuwa na ɗauka mamakin gwanintata yake. Baba Ɗan'ige ya karɓa hannu biyu yana sa mini albarka. Ɗaki ya yi tsit, kowa da ƙasarsa a cinya. Na koma kujerar Kawu na harɗe.

Sai ga Kawu. Ya dubi jama'a, ya dubi bangon littafin a kan tebur ba komai ciki, ya dubi wuƙar. Rawaninsa har rawa yake.

"Innalillahi! Wa ya aikata wanga aiki?"

Na miƙe ina murmushi, Allah ya gani, jiran yabo nake. "Ni na, Kawu. Ka ga yanzu babu mai turereniya."

"Kai ɗan nan! Littahin ka yanka? Shi ɗai na a garin ga duka!"

Sai a lokacin abin ya faɗo mini. Gumi ya jiƙa rigar Juma'ar. Muka shiga karɓar takardu, aka lissafa, babu Bama. Baba Ɗan'ige ya ninke ta cikin hula ya tafi Ƙofar Kware ya nuna wa uwar yaron. Da gudu na bi shi, na tarar da tsohuwa ta ɗora yatsa kan takardar tana kuka tana yi wa ɗanta addu'a. Haka na durƙusa ina jira ta gama, ban iya ko ɗaga kai ba.

Wani baduku ya ɗinke littafin da jar fata, amma ɗinki ba ya ɓoyuwa, Bama kuma ta dawo da maiƙon yatsa. Washegari manyansa suka kira Kawu ofis, na bi shi na raɓe a ƙofa. Na ji ana tambayarsa ko ba a faɗa masa mutanen gari za su yi ɓarna ba.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, mutanen gari ba su ɓata komi ba. Ɗan ƙanwata na, daga gidanmu ɓarnar ta hito."

Gara ya mare ni da wannan magana. Ba a kore shi ba, an dai ja masa kunne, ɗakin kuma ya ci gaba da zama na kowa da kowa. Ban da mutum ɗaya. Ni Kawu ya yanke mini iyaka a baranda, can nake jin labarin yaƙi tare da masu jakai.

Tun daga ranar, in na ji wata dabara ta zo mini da ba wanda ya taɓa yin ta, nakan fara tambayar mai wuri ko akwai dalili.