Mai Gyaran Salansa da Motar da Ba Ta Hayaƙi

"Lafiya lau, Tsoho. Ashe ka kwana? Ni har na fara auna ɗakinka da ido."

"Na kwana, Kunnuwa, sai dai baƙin ciki ya kashe ka. Ina kayan aikinka, ka shigo mini gareji da farar riga kamar mai zuwa neman aure?"

Ni mai faci ne, rumfata na jingine da ta tsohon, ko ban kasa kunne ba sai na ji. Tun kafin a haife ni yake waldar salansar motoci. Jikansa kuwa, wanda yake kira Kunnuwa, shi kaɗai ne a zuri'ar ya yarda ya kwanta ƙarƙashin mota tare da shi. Kowa a layinmu ya san gwamnati ta ɗauki saurayin cikin makanikan da za ta koya wa gyaran sababbin motocin bas masu aiki da iskar haidurojin. Tsohon ne kawai ba a faɗa wa ba, shi kuma jikan ya rantse ba zai tafi ba sai da yardarsa.

"Aure kuma? Ai ina da mata, kai ka riƙe mini ita a gida."

"Tsohuwar? Je ka ɗauka, har da maganin ciwon ƙafarta."

"Zan ɗauka, amma sai na gama karatu. Gwamnati ta kira ni, Kaka. Za a koya mana motocin haidurojin."

Tsohon ya kashe wutar walda, ya ture tabarau goshi.

"Motocin me?"

"Haidurojin. Iska ce, daga ruwa ake ciro ta da lantarki, a ɗura wa mota."

"Wace gwamnati ce ta rasa mutane har ta gangaro kanka? Kai da ka liƙa salansa a karkace, hayaƙi ya riƙa fitowa ta wajen direba?"

"Wa ke duba aikin ranar? Ba kai ne kana gyangyaɗi ba?"

"Ba gyangyaɗi nake ba, addu'a nake yi wa direban. To ita motar taku, wane irin hayaƙi take yi? Baƙi ko shuɗi?"

"Ba ta yi."

"Ko fari-fari?"

"Ko kaɗan. Ruwa kawai take ɗigarwa."

"Subhanallahi! Gwamnati guda ta tsaya tsayin daka a kan mota mai fitsari a titi? Sai ku tanadi ƙunzugu."

"Ta dai fi ka tsabta. Kai in ka yi tari sai an buɗe tagogi."

"Kada ka zagi hayaƙi a gabana. Da shi na ciyar da ubanka har ya yi ƙarfin haifo mana masifa irinka."

Daga nan sai tsohon ya juya, yana duban tulin salansa masu tsatsa da ke gefen rumfar. Wallahi sai da tausayinsa ya kama ni, na ajiye tayar da ke hannuna.

"Ke nan babu abin da zan liƙe a jikinta."

"Babu, Kaka."

"Kuma in na shige ƙarƙashin mota, wa zai miƙo mini sifana?"

Kunnuwa ya daina tsokana. Ya sunkuyar da kai.

"In ka ce kada in je, na fasa."

"Ji ɗan nema! Ka fasa, ka zauna ka ci gaba da ɓata mini aiki? Ai ni gwamnati ta tallafa wa, da ta ɗauke mini kai."

Kakan ya zaga bayan rumfa ya turo tsohon babur ɗinsa, wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai. Bugu ɗaya ya yi masa ya tashi, layin ya turnuƙe da hayaƙi, ni kaina sai da na ƙware.

"Ungo. Na san makarantar da nisa. Je musu da wannan, su san gidan da ka fito."

"Kaka, tun daga ƙofa za su koro ni!"

"Su koro. Kuma ka sani, salansarsa duk mako take fashewa, kaf garin nan babu mai iya mata sai ni."

"Ai ni ma na iya."

"Taɓa ta ka gani, in ban karya maka hannu ba. Nan za ka riƙa kawo ta."

Kunnuwa ya yi dariya har da ƙwalla, ya sa hannu biyu ya karɓi makullin.

"Na ji, Tsoho. Duk mako."