Akuyar da Ta Zama Kunu

Ana gab da Sallah, Alhaji mai shagon kayan abinci a East Greensboro ya kira ni. Kwamfutarsa da ke aika oda ta layin tarho tana cinye haruffa.

Ni ma'aikacin sito ne a Wendover, amma na taɓa haɗa wa wani firinta, don haka na naɗe hannun riga. Na hango wani saiti, flow control, mai sa na'ura ta jira 'yar'uwarta.

"Alhaji, ga ɓarawon. Shi ke riƙe ta."

"Ka tabbata, ɗana?"

"Ai wannan wasan yara ne."

Na kashe shi, na ƙara gudu, na tura odar goat meat, wato naman akuya, na kishingiɗa ina kurɓar shayi.

A hanya g ta faɗi, t ta ƙarshe ta bi ta. Dilan da ke kawo wa Alhaji kaya ya ga "oat mea", ya ƙarasa da kansa. Ranar jajibiri mota ta sauke katan-katan na oatmeal, hatsin da Turawa ke kunu da shi, ga jama'a sun yi layi suna jiran nama.

Alhaji ya dube ni, ya ce da Faransanci, "Merci, ɗana."

Har yau, ko a ƙofar masallaci, sai wani ya tambaya, "Mai kunu, akuyar ta dahu?"