Garin Kwaki a Daɓen Falona

Ranar da aka zuba kankaren falona a Tirwun, magini Malam Sale ya ce kada kowa ya taɓa, ya wuce masallaci. Ni kuwa na tsaya ina kallon ruwa yana tasowa saman daɓen. Na taɓa jin cewa idan ruwa ya yi yawa, kankare ba ya ƙwari. Gidana ne, ba zan zuba ido ya lalace ba.

Sai na yi tunani irin na manya: duk duniyar nan me ya kai garin kwaki shan ruwa? Na kwance buhun da na sayo wa maiɗakina a kasuwar Wunti, na barbaɗe falon kaf. Nan take ruwa ya ƙafe. Na tafi salla ina jin kaina injiniya.

Kafin mu dawo, kajin unguwa sun yi walima, har da akuyar maƙwabci.

Malam Sale ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Alhaji, saura sukari da ƙuli-ƙuli."

Sawun kajin yana nan ƙarƙashin leda. Har yau duk wanda zai yi daɓe a layinmu, sai ya yi sallama ya tambaye ni mudu nawa ɗaki ɗaya yake ci.