Ranar da Gwaggo Ta Ɗaga Dakta

Aikina a London shi ne in bi tsofaffi gida in nuna musu abin da zai iya kayar da su. Da na fara digirin dakta ta intanet a kan aikin, sai na soma ji da kaina, ko gaisuwa na je sai na yi lacca.

Ranar jarrabawa aka ce kowa ya nuna ta kyamara yadda ake kare tsoho daga faɗuwa. Daga asibiti na zarce unguwar Plumstead, gidan gwaggon mijina, wadda na shekara ina yaƙi da kafet ɗinta.

Na ce, "Gwaggo, ki zauna kawai ki ga aikin masana."

Na naɗe kafet, na kwashe takalma, ina zuba Turanci, malamai uku a allon kwamfuta suna gyaɗa kai. Na ɗauki sandarta zan nuna yadda ake juyawa. Sai igiyar cajar da ni da kaina na jona ta harɗe ni. Na zube, ɗankwali ya yi gabas, sanda ta yi yamma.

Gwaggo mai ciwon gwiwa ce ta ɗago ni. Ta leƙa kyamara ta ce da Hausa, "Ku yi haƙuri, koyo take."

Wani malami ya tambaya ko wannan ma cikin darasin yake.

Da ƙyar na ci jarrabawar. Har yau in na yi sallama, Gwaggo sai ta miƙo sandar: "Dakta, riƙe nan, akwai kafet."