Ranar da Nafi'u Ya Rufe Gidansa a Shagon Kwamfuta

Abokina Nafi'u mai zanen gidaje ne. Rabin benayen da ke tashi a unguwarmu shi ya zana su, amma shi kansa zaman haya yake yi, ciki da falo, da matarsa Ramlatu da yara huɗu. Yana da fili a Ɗanbare. Gini ya kai linta tun babbar 'yarsu Walida tana rarrafe, yanzu tana aji uku a firamare, gini yana nan inda aka bar shi, har awakin maƙwabta sun mai da falon wurin hutawa. Bana dai Allah Ya taimaka suka haɗa kuɗin kwano da katako, kuma in za a faɗi gaskiya, yawancinsu daga keken ɗinkin Ramlatu suka fito. Ga mai gidan haya ya ce ɗansa zai yi aure, su tashi kafin damina. Kowa ya ɗauka za a kira kafinta. Sai Nafi'u ya ce shi kwamfuta zai saya.

Kada ku ce ba shi da hujja, Nafi'u bai taɓa rasa hujja ba. Ya ce manyan alhazai yanzu ba sa kallon zane a takarda. So suke a nuna musu gida yana juyawa, a shiga da su ɗaki ɗaki tun ba a aza bulo ɗaya ba. Wannan kuwa sai da kwamfutar hannu mai ƙarfin fitar da hoto, abin da yake kira girafiks. In ya same ta, aiki biyu kawai zai yi kuɗin su dawo ninki. Sati biyu ya yi yana kwatanta wannan da waccan a waya, har a bakin masallaci ya tare ni yana yi mini bayanin wadda fankarta ta fi shiru.

Ramlatu ba ta ce a'a ba. Cewa ta yi, "Mu je in gani da idona, Baban Walida." Shi kuma ya ɗauko ni wai in taya shi shawo kanta. Na san ba zan tsinana komai ba, son kallo ne ya kai ni.

Muka je wani shago a titin Beirut. Mai shagon, Sadisu, ya jera mana kwamfutoci uku a kan tebur, ya hau zuba kamar ya ari baki. Nafi'u ya ɗaga masa hannu.

"Bar zancen baki, malam. Na zo da abin gwaji."

Ya zaro filashi, ɗan abin da yake ajiye zane-zanensa a ciki, daga aljihu. A nan ne abokina ya tafka kuskuren da sai mai zanen gida zai yi shi. Maimakon ya ɗauko zanen wani alhaji, sai ya ɗauko zanen gidansu na Ɗanbare, wai don zuciyar Ramlatu ta yi laushi.

Aka fara da mai araha. Fanka ta ɗauki ƙara, gida ya soma fitowa daga ƙasa sannu a hankali: harsashi, bango, tagogi. Yana kaiwa linta kwamfutar ta cije. Muka jira. Sadisu ya danna nan, ya danna can, ko motsi.

Ramlatu ta leƙa ta ce, "Wannan ta san mu."

Na juya na hau kallon jakunkunan da aka rataye a bango, don in na yi dariya na san sai an yi wata guda ba a amsa sallamata.

"Ai shi ya sa na ce miki ƙarama ba za ta yi ba," in ji Nafi'u. "Sa mana ta biyu."

Ta biyu ta yi ƙoƙari, ta ɗora rufin. Amma da Nafi'u ya so ya juya gidan, sai ya riƙa tafiya yana tsayawa, rufin yana ɓacewa yana dawowa. Sadisu ya ce, "Oga, wannan ta 'yan ofis ce. Aikinka ya fi ƙarfinta. Ga taka nan." Ya shafa ta ukun da gefen rigarsa, ya faɗi kuɗinta a hankali. Daidai kuɗin kwano da katako, har da na ƙusa.

Gaskiya dai ta ukun nan ba wasa. Kafin ka ƙifta ido gida ya tsaya cak, fenti ruwan madara, rufi ja, bishiyar darbejiya a ƙofar gida har inuwarta na motsi. Nafi'u ya juya shi dama, ya juya shi hagu, sumul. Ni kaina sai da na ji ina sha'awar gidan. Bakinsa har kunne, ya jawo wa Ramlatu kujera.

"Zauna ki ga ikon Allah. Ga falonki. Ga kicin, kalli har ƙyallin tayil ana gani. Ga ɗakin Walida da ƙannenta. Tsaya ma ki ga wani abu."

Ya danna wani wuri, sai ga hadari ya haɗu a saman gidan, ruwa ya ɓarke, yana gangarowa ta indararo gwanin kyau.

"Kin gani? Ko ɗigo bai shiga ba! Malam Bala, don Allah gaya mata." Ni ke nan.

Na ce, "Gaskiya, Maman Walida, ruwan nan bai shiga ba." Iyakar shaidar da zan iya bayarwa ke nan ban yi ƙarya ba.

Ramlatu ta daɗe tana kallo. Sai ta miƙe, ta ɗaga kwamfutar da hannu biyu, ta duba gefen dama, ta duba na hagu, ta leƙa ƙarƙashi. Nafi'u ya ƙifta mini ido, alamar ciniki ya faɗa.

Sadisu ya matso da sauri. "Hajiya, wurin caji kike nema? Ga shi nan ta baya."

Ta ce, "A'a, ɗan'uwana, ƙofa nake nema. Nuna mini ta inda ni da yara huɗu za mu shiga in damina ta sauka."